Maganaɗisu da Maganin Zazzaɓin Sauro

Da damina ta kankama a Yamai, kantunan magani na Kalley kan cika da iyaye masu neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayar maganin nan ruwan ɗorawa da suke saya, tushenta artemisinin ne.

To, yaya yake kashe cutar? Na'urar EPR ta taimaka wajen gano amsa. Yevgeny Zavoisky ne ya gano dabarar a Kazan ta Rasha a 1944: a sa samfuri cikin maganaɗisu mai ƙarfi, a haska masa igiyar maikurowef, sai elektiron marar abokin zama ya tona kansa.

Da ita masana suka ga maganin na gamuwa da sinadarin ƙarfen jinin da ƙwayar cutar ta ci, ya haifar da ɓarɓashi masu ɗauke da irin wannan elektiron, masu saurin ɓarna, da ke lalata ta daga ciki.