Hidima Ba Tare da Zama Ba: Abin da Ranar Laraba Ta Koya Mini

Ga rubutun shirin wannan mako saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba. Na san halin da ake ciki.

Yau zan fara da tona wa kaina asiri. Na yi kusan shekara huɗu ina kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan matasa ta cocinmu. Ranar Asabar ina wurin koyon waƙa, ranar Lahadi ni ne na farkon zuwa saboda haɗa wayoyi da gwada makirufo. In ana taron matasa ina ciki, in ana biki ina ciki. Kowa ya san ni da hidima. Amma a shekarun nan huɗu, zuwana nazarin Littafi Mai Tsarki na ranar Laraba bai kai yatsun hannuna ba. A raina ina cewa wannan ai na tsofaffi ne da matan zumunta, ni na riga na ba Allah Asabar da Lahadi, me kuma ya rage?

To, wata rana mai jagorantar nazarin zai yi tafiya, sai ya ce in riƙe masa Laraba ɗaya. Na ce ba damuwa. Na ɗauko ayar da kowa ke sa wa a sitatus na WhatsApp, Irmiya 29:11, wadda take maganar shirin alheri da Allah yake da shi domin mutanensa. Na shirya zan ƙarfafa jama'a, in ce bana shekarar buɗi ce.

Na je na tarar da mutum goma sha ɗaya a coci da ke cika har waje ranar Lahadi. Na yi magana ta minti ashirin, ina jin daɗin muryata. Da na gama sai wata Mama da ke benci na biyu ta ɗaga hannu. Tsohuwa ce, ajin yaƙi da jahilci ta koyi karatu, Littafinta na Hausa ya tsufa har an ɗinke bayansa da zare. Ta ce, "Ɗana, wannan maganar, su wa aka rubuta wa?"

Na ce, "Mama, ai mu aka rubuta wa."

Ta ce, "To, madalla. Amma karanta mana daga aya ta ɗaya mu ji."

Jama'a, ranar ce na fara karanta surar nan daga farkonta. Ashe wasiƙa ce. Annabi Irmiya ne ya aika ta daga Urushalima zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe ya kai Babila. Mutane ne da aka raba da gidajensu. Kuma wasiƙar ba ta ce musu gobe za su koma ba. Cewa ta yi su gina gidaje a can, su dasa gonaki, su yi aure su aurar, su nemi zaman lafiyar garin da aka kai su bauta, har su yi masa addu'a. Aya ta goma, wadda take manne da ayar da muke ƙauna, ita ta faɗi tsawon zaman, shekara saba'in. Wato yawancin waɗanda suka ji an karanta wasiƙar da kunnensu, a Babila aka binne su.

Mama ba ta tsaya nan ba. Ta ce in koma sura ta 28. A can akwai wani annabi, Hananiya, wanda ya tsaya a Haikali ya yi wa mutane albishir cewa cikin shekara biyu komai zai dawo daidai. Maganarsa ta fi daɗin ji nesa ba kusa ba. Ƙarya ce, kuma a wannan shekarar ya mutu. Ina tsaye a gaba da Littafi a hannu sai na ga ashe abin da na shirya ya fi kama da na Hananiya.

Ba ta yi don ta kunyata ni ba. Daga baya na ji cewa ita kanta rikici ne ya raba ta da ƙauyensu, ta yi shekaru tana zaman haya a gari. Surar nan ta daɗe tana riƙe da ita, ta san kowane lungu nata. Ni na san aya ɗaya.

Ka ga, abin da nake so mu duba ke nan. Mu matasa muna da ƙwazo, ba wanda zai musa. Mu ne a kan ganga, mu ne masu jera kujeru, mu ne masu ɗaukar hoto, mu ne masu kwana a wurin taro. Amma hidima tana iya zama wurin ɓuya. Muddin kana riƙe da makirufo ko kana zirga-zirga da kwandon baiko, ba wanda zai tambaye ka yaushe rabonka da karanta sura guda daga farko zuwa ƙarshe. Ranar Lahadi fasto ne ke magana, kai naka amin. Ba a ɗaga hannu a tsakiyar wa'azi. Ranar Laraba ce kaɗai ake iya cewa, "Ban gane ba, a sake." Kuma nan ne za a iya ce maka, "A'a, ba haka ba ne."

Akwai wani mutum a Ayyukan Manzanni sura 18, Afolos, mutumin Iskandariya. Gwanin magana ne, ya san Nassi, yana da zafi. Irin wanda yau za mu yanka bidiyonsa mu watsa a TikTok. Amma saninsa ya tsaya a baftismar Yahaya. Akila da matarsa Bilkisu, masu sana'ar ɗinkin tanti, suka ji shi, suka ja shi gefe suka cike masa abin da ya rage. Abin da ke burge ni shi ne ya zauna ya ji. Mai baiwa kamarsa ya yarda masu aikin hannu su gyara shi.

Wani zai ce, "Ai ina da Littafi a waya, ina karatu ni kaɗai." Da kyau, ci gaba. Amma faɗi gaskiya, sau nawa ka buɗe, saƙo ya shigo, ka farka bayan minti arba'in kana kallon wasan barkwanci? Ko ka karanta ɗin, kai kaɗai kana zaɓar abin da ya yi maka daɗi ne. Littafi 66 ne, sura 1,189, amma yawancinmu muna zagaye a cikin aya goma sha biyar. A rukuni ba kai ke zaɓa ba. In an shiga littafin Yakubu, dole ka bi ta wurin maganar harshe, ko da jiya ka gama zagin wani a Facebook.

Ga kuma batun harshe. Da yawanmu muna zuwa sujadar Turanci, muna jin kamar Littafin Hausa na iyayenmu ne. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bayan aikin shekaru na mutane irin su Dakta Walter Miller na Zariya da waɗanda suka yi aiki tare da shi. Kakanninmu da yawa dalilinsa suka koyi abacada. A rukuninmu yanzu muna karanta wuri da Turanci, sannan da Hausa. Sau da yawa ayar da ta wuce ta saman kaina da Turanci, da Hausa sai ta zauna mini a ƙirji, domin da harshen da uwata ke yi mini faɗa take magana.

Yanzu bari in juya ga shugabanni, cikin ladabi. Wani lokaci laifin ba na matasa ba ne. Akwai wuraren da nazarin Laraba ya zama wa'azi na biyu, mutum ɗaya ya yi awa guda yana magana, sannan ya ce akwai tambaya, alhali an riga an fara tattara jaka. Akwai inda yarinya za ta yi tambaya a kan abin da ke damunta da gaske, a ce mata tana da ruhun shakka. Ba za ta sake tambaya ba, za ta kai tambayar wurin wani mai annabci a intanet da zai ce ta turo kuɗi. Sannan lokaci: in an sa ƙarfe huɗu, mai koyon ɗinki da mai tsaron shago ba su tashi ba. Baba Fasto, a duba mana wannan. Mu da muka matsar da namu zuwa biyar da rabi mun ga sababbin fuskoki. Masu cewa ƙwallon Zakarun Turai kuwa, manyan wasannin sai dare ake take su, ku nemi wani dalilin.

Abu ɗaya kuma da ban zata ba. A taron mutum ɗari biyar, in ba ka zo ba, ba wanda ya sani sai in jita ta yi shiru. A cikin mutum goma sha biyar, kujerarka tana magana. Lokacin da mahaifina ya kwanta asibiti na yi Laraba biyu ban je ba. Ta uku ba ta zo ba sai ga Mama da wasu biyu da kwanon tuwo. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta zauna, ta gaida mai jiki, ta yi addu'a gajeriya, da za ta tafi ta ce, "Mun kai sura ta huɗu, kada ka bari mu yi maka nisa."

Har yanzu ina kaɗa jita, ban ajiye ba. Mu yanzu muna cikin Bisharar Markus, sura goma sha shida ce, ɗaya kowane mako, wata huɗu mun gama. Laraba mai zuwa sura ta biyar. In kana da tambayar da ka daɗe kana jin kunyar yi a coci, rubuto ta a ƙasa ko ta akwatin saƙo, ba zan faɗi sunanka ba. Zan kai ta rukuninmu, in dawo muku da abin da aka ce.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu.