ƊAKIN ZANE A JAMI'A: ABIN DA YA KAMATA IYAYE SU SANI

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na Ƙungiya

 

Kowace shekara mukan tallafa wa yaranmu masu karatun likita da lauya, amma yaron da ya ce zane zai karanta sai a ce ya raina wa kansa wayo. Wannan ra'ayi ne muke so mu gyara a yau.

Fannin nan ba baƙo ba ne a Arewa. Tun 1955 aka mayar da sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa Zariya, kafin ma a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A can ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu a 1958, suka nace a kan cewa fasahar gida ita ce tushe. Haka kuma Ladi Kwali, mai ginin tukwane, wannan jami'a ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ga hotonta nan a bayan naira ashirin.

To, me ake bukata? Da farko kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, sannan jarrabawar JAMB. Karatun digirin shekara huɗu ne. A shekarar farko ba a barin ɗalibi ya zana abin da ya ga dama. Za a ajiye masa tulu ko kujera, a ce ya zana da fensir ko gawayi, har idonsa ya koyi awo da haske da inuwa. Zai koyi haɗa launuka, da tsara siffofi a kan takarda, da sarrafa yumɓu, da tarihin fasaha. Sai daga baya ne zai zaɓi ɓangaren da zai ƙware.

Abu biyu ne ke kayar da 'ya'yan talakawa. Na farko lokaci: darasin ɗakin zane yakan ci sa'o'i, kuma aikin hannu ake dubawa a ba da maki, ba hadda ba. Wanda ya yi fashi ba shi da littafin abokin da zai kwafa. Na biyu kayan aiki: takarda da fenti da buroshi ƙarewa suke yi, kuma daga aljihun ɗalibi suke fita.

Masu damuwa da batun zanen mai rai su sani akwai saƙa da rini, da ginin tukwane, da zayyana, waɗanda kakanninmu suka ci abinci da su.

Saboda haka muna roƙon abu biyu. Kwamitin ilimi ya ware wani kaso na tallafi domin kayan aikin waɗannan ɗalibai. Sannan kowannenmu, in zai zo gida, ya riƙo fensir da littafin zane ga makarantun firamarenmu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.