Fenariti ce ko faɗuwar gangan? Hirar da ta hana mu barci

Gaisuwa ga mutanen Maiurno da Sinnar da Sinja, da na Damazin da Rusairis, da ƙauyukanmu na Jazira. Gaisuwa ta musamman ga makiyayan da ke riƙe da rediyo a rataye a bakin Dindir, da direbobin lori da 'yan kasuwar da ke jiran a buɗe hanya a Kurmuk ko Gallabat. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Yau ba farashin dawa ko na raguna za mu taɓa ba. Saƙonnin da kuka aiko mana, kusan duk a kan abu guda suke: balanti, wato bugun fenariti. Wani ya ce alƙalan wasa sun sayar da kansu. Wani ya ce 'yan wasan yanzu sun fi 'yan fim iya tamsil, iska ma ta taɓa su sai su zube. Wani dattijo kuwa cewa ya yi: "Ɗana, ka gaya wa yaran nan su bar mu mu sha jabana lafiya." To Baba, an ji, kuma saboda kai za mu zauna mu warware maganar.

Mu fara da abin da ya tayar da ƙurar. Ranar 18 ga Janairu 2026, a Rabat, Maroko da Senegal suka buga wasan ƙarshe na kofin Afirka. Mu nan muna da namu ciwon, domin Senegal ɗin ce ta fitar da Sudan a zagayen 'yan 16 da ci 3 da 1 a Tanja. Ana dab da tashi, Senegal ta jefa ƙwallo a raga, alƙali Jean-Jacques Ndala na Kongo ya ce an yi laifi kafin nan, ya soke. Jim kaɗan, aka kira shi ya duba na'urar VAR, ya ba Maroko fenariti, cewa an jawo Brahim Diaz ya faɗi. Kocin Senegal Pape Thiaw ya ce wa yaransa su fice daga fili. Sadio Mane ne ya lallashe su suka dawo bayan an daɗe ana jira. Diaz ya buga a hankali ta tsakiya, Edouard Mendy ya cafke, sannan Pape Gueye ya ci wa Senegal a ƙarin lokaci. Rigimar ba ta ƙare a fili ba, sai da ta kai teburin hukumar CAF.

Tun daren nan, a kowane gidan kallo da kowace rumfar mai shayi, mutane sun kasu biyu. Amma kafin mu ɗaga murya, me doka ta ce?

Abu na farko: ba kowace taɓawa ce laifi ba. Ƙwallo wasa ne na gogayya, kafaɗa na haɗuwa da kafaɗa. Laifi shi ne a ture mutum, ko a sa masa ƙafa, ko a doke shi da sakaci ko ganganci ko ƙarfin da ya wuce kima, ko kuma a riƙe shi. In mai tsaron baya ya yi haka a cikin da'irar gidansu, sai a ajiye ƙwallo a nisan mita 11 daga raga.

Na biyu: wanda ya faɗi da gangan don ya yaudari alƙali, katin gargaɗi ne hakkinsa, ruwan ɗorawa.

Na uku, kuma shi ne muke yawan mantawa: akwai tsakiya. Mutum na iya faɗuwa ba tare da an yi masa laifi ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Yana gudu, ƙafa ta harɗe, ya kife. Nan babu fenariti, babu kati, wasa ya ci gaba. Yawancin gardamarmu a wannan tsakiyar take, sai dai mu ba mu yarda da tsakiya ba, ko dai ɓarawo ne ko an zalunce shi.

Ita kuma VAR, wadda aka fara amfani da ita a kofin duniya a 2018, ba ta yanke hukunci. Tana shiga ne a abubuwa irin su cin ƙwallo, fenariti, jan kati na kai tsaye, da kuskuren ba wani kati a madadin wani. Kuma sai in kuskuren a bayyane yake. Magana ta ƙarshe tana bakin mai usur. Sannan ku lura, hoton da aka rage wa gudu yana ƙara wa abu muni. Ɗan taɓin da bai kai ƙiftawar ido ba, in an ja shi a hankali, sai ka ɗauka kokawa aka yi.

Yanzu ga labarin da nake so kowa ya riƙe. A watan Fabrairu 2013, a Nelspruit ta Afirka ta Kudu, Burkina Faso ta haɗu da Ghana a wasan kusa da na ƙarshe. Kocin Ghana a ranar shi ne Kwesi Appiah, wanda daga baya ya zo ya riƙe mana tawagar Sudan. A ƙarin lokaci, aka kayar da Jonathan Pitroipa na Burkina a cikin da'ira. Alƙalin, Slim Jedidi na Tunisiya, maimakon ya ba da fenariti, sai ya ce yaron faɗuwar ƙarya ya yi, ya ba shi kati na biyu, ya kore shi. Burkina ta yi nasara a bugun fenariti na raba gardama. Daga baya alƙalin ya amsa cewa ya yi kuskure, CAF ta janye katin, ta dakatar da shi. Pitroipa ya buga wasan ƙarshe da Najeriya, wanda Sunday Mba ya ci 1 da nema, kuma shi aka zaɓa gwarzon gasar.

Tambayata gare ku: me ya sa alƙali ya ga mai gaskiya a ƙasa ya ɗauke shi maƙaryaci? Ni a ganina, saboda an sha yaudarar alƙalai ne. A kofin duniya na 2002, ɗan Turkiyya ya bugi Rivaldo na Brazil da ƙwallo a cinya, shi kuwa ya riƙe fuska ya zube, aka kori ɗan Turkiyyan, daga baya FIFA ta ci Rivaldo tara. A 2014, Arjen Robben na Holan ya samu fenariti a kan Meziko a mintunan ƙarshe, aka fitar da su da ci 2 da 1. Bayan wasa ya amsa cewa ya yi faɗuwar gangan a farkon wasan, amma ya rantse ta ƙarshen gaskiya ce. Wa zai yarda da shi? Wake ɗaya ke ɓata gari. Mai faɗuwar ƙarya ya cuci abokin karawarsa a yau, gobe kuma wani mai gaskiya ne zai biya bashin.

Ku makiyaya da manoma kun fi ni sanin wannan. Saniya ta shiga gefen hawasha ta ci kan dawa goma, mai gona ya je gaban umda ya ce rabin gonar aka cinye. Wannan ai tamsil ne. Shi ma makiyayin da dabbobinsa suka yi ɓarna da daddare, da safe ya ce bai taɓa bin hanyar ba, ɗan'uwan mai tsaron baya ne da ya ja riga sannan ya ɗaga hannuwa sama. Idan ajawid suka sha jin ƙari a bakin masu ƙara, ranar da aka yi wa talaka ɓarna ta gaske sai su rage masa diyya, don sun saba ragewa. Haka ɗan kasuwar da kullum yake cewa kaya sun lalace a hanya don a sassauta masa bashi: ranar da lorinsa ta kife da gaske, ba mai tausaya masa.

Sai kuma namu laifin, mu 'yan kallo. A ƙauyukanmu zuciya biyu gare mu. Sudan ƙasarmu ce, ita ta karɓi baƙuncin kofin Afirka na farko a 1957, ta kuma ɗauke shi a Khartum a 1970. Amma in Najeriya na wasa, jinin kakanni yana motsawa. Ku tuna 26 ga Yuni 2018, Najeriya da Ajantina. Ƙwallo ta taɓa kan Marcos Rojo ta sauka a hannunsa, alƙali Cuneyt Cakir na Turkiyya ya je ya duba, ya ce babu komai. Rojon nan dai shi ya ci ta biyu aka fitar da Najeriya. Har yau akwai masu jin zafin abin. Amma mutum nawa ne a cikinmu suke tuna cewa a wasan nan an ba Najeriya fenariti, Victor Moses ya ci, 'yan Ajantina kuma suna kukan cewa ba ta kai ba? So hana ganin laifi. Ɗan Hilal da ɗan Marrikh za su kalli hoto ɗaya sau goma, kowa ya tashi da abin da ya zo da shi.

Ga gwajin da nake ba ku. Kafin ka ce an yi zalunci, sauya wa 'yan wasan riguna a zuciyarka. In wanda ya faɗi ɗin na abokan hamayya ne, za ka ce fenariti ce? In amsarka ta canza, to ba doka kake karewa ba, ƙungiyarka kake karewa. Ba laifi ba ne, amma ka sani.

Abin da ya sa na damu da wannan magana, ni ma na taɓa riƙe usur. Wani azumi, a gasar unguwanni da ake yi bayan tarawi, aka rasa alƙali aka ce in shiga. Saura kaɗan a tashi, wani yaro ya zube a cikin da'ira yana ihu, na busa. Aka ci, aka tashi da jifa, sai a bayan babur aka fitar da ni. Ƙauyuka biyu da ke cin kasuwa ɗaya suka yi makonni samarinsu ba sa gaisawa. Bayan salla yaron ya same ni yana dariya, ya ce: "Yaya, wallahi ko taɓa ni bai yi ba." Shi abin dariya ne a wurinsa. Ni kuwa tun ranar ban sake taɓa usur ba, kuma na san malaman makaranta da dama da suka daina saboda irin haka. In kowa ya gudu, wa zai hura wa yaranmu wasa?

Jama'a, tun Afrilu 2023 mun ga abin da ya fi ƙwallo. Yaƙi ya raba mutane da gidajensu, har Hilal da Marrikh sai a Muritaniya suka je suka buga gasa. Wannan fili na dafuri da wannan talabijin mai aiki da sola suna cikin 'yan wuraren da suka rage mana, inda manomi da makiyayi da ɗan kasuwa ke zama kan tabarma ɗaya. Kada mu ɓata su saboda hukuncin wani mutum a Rabat da bai san da zamanmu ba.

Don haka roƙona uku ne. Masu horar da yara, in yaronku ya faɗi da gangan, ku fitar da shi ko da ya samo muku fenariti. Masu shirya gasa, ku zaunar da dattijo ɗaya daga kowane ɓangare a bakin fili, kuma kyaftin kaɗai ya yi magana da alƙali. Masu kallo, a yi gardama, ita ce gishirin ƙwallo, amma ban da zagin iyaye, ban da sa kuɗi ko akuya a kan wasa.

Ku ci gaba da aiko mana da ra'ayoyinku: wace fenariti ce har yau ba ku yafe ba? Za mu karanta su a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Baba mai jabana, a sha lafiya. Wassalamu alaikum.