Teku Ya Yi Nisa da N'Djamena

Ɗan kasuwar da ke sauke buhunan shinkafa da siminti a N'Djamena bai cika ganin teku ba, amma farashin kayansa a bakin teku ake fara yanka shi. Chadi ba ta da gaɓar ruwa, kuma mafi yawan kayanta ta tashar Duwala a Kamaru suke shigowa. Duwala kuwa tana bakin kogin Wuri ne, inda laka ke cika hanya, manyan jirage ba sa iya shiga.

Shi ya sa idanu suka koma Kiribi, wata tashar ruwa mai zurfi a Kamaru da ta fara aiki a 2018. A 2025 aka buɗe kashi na biyu, wanda wani kamfanin ƙasar Sin ya gina, manyan jiragen kwantena suka fara tsayawa. Kiribi ba baƙuwa ba ce ga 'yan Chadi: tun 2003 bututun man Doba ta Chadi mai tsawon kilomita 1,070 a can yake ƙarewa.

To amma kwantena ba ta bin bututu. Jirgin ƙasan da ke ɗauko kaya daga Duwala yana tsayawa ne a Ngaundere, Kiribi ma layin dogo bai kai ta ba tukuna. Daga Ngaundere sai tirela ta bi ta Garwa da Marwa, ta ratsa ramukan hanyar Mora zuwa Kuseri, shinge bayan shinge, direba na miƙa takardu da na goro. Da damina mota kan kwana a cikin taɓo kafin ta kai gadar Ngueli da ke iyakar Chadi, inda layin tireloli ke jiran kwastan su duba kaya.