Sa'ada Da Lafiyar Zuciya: Abin Da Ya Sami Imamu Gazali

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, malaman tasawwufi sun rarrabe tsakanin jin daɗi da sa'ada. Jin daɗi yana zuwa tare da abin da ya kawo shi, ya kuma tafi da tafiyarsa. Sa'ada kuwa natsuwa ce da take zaunawa a zuciyar da ta san Ubangijinta, ta yarda da hukuncinsa. Aya ta 28 a Suratur Ra'adi ta jingina wannan natsuwa ga ambaton Allah.

Imamu Gazali, Allah Ya ƙara masa yarda, ya hau kujerar karantarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a shekarar 484 bayan Hijira (1091), ɗalibai wajen 300 suna zaune gabansa, fada tana girmama shi. A watan Rajab na 488 (1095) ya shiga kai-kawo da ransa, har harshensa ya ɗaure, karatu ya gagara, abinci ya ƙi karɓuwa. Likitoci suka ce ciwon daga zuciya ya taso, magani ba zai kai gare shi ba sai an raba ta da damuwarta. Shi da kansa ya bayyana a littafinsa Almunƙizu Minad Dalali cewa da ya binciki niyyarsa, sai ya tarar neman suna da matsayi ne suke tuƙa ta. Bayan kimanin wata shida ya tanadar wa iyalinsa abin da zai ishe su, ya rabar da saura, ya nufi Sham ya shiga halwa. A waɗannan shekaru ya rubuta Ihya'u Ulumiddin. Masu tarihi sun ambata cewa a wannan shekarar ce Shehu Abdulƙadir Jilani ya shigo Bagadaza neman ilmi, yana ɗan shekara 18.

Ba a neman muridi ya bar kasuwarsa ko gonarsa. Abin da ake nema ya binciki niyyarsa kamar yadda Gazali ya yi, domin da yawa daga masu kwana ido biyu ba yunwa ce ta hana su barci ba, hassada ce da hangen abin hannun wani. Wuridi ba ya biyan bashi, amma yana hana bashin cinye mai shi. Wanda kuma hawan jini ya kama, ya riƙe wuridinsa ya je asibiti, domin Gazali ma likitoci ne suka nuna masa inda ciwonsa yake.