CIWON DAJIN KAPOSI: TABON DA BAI KAMATA A RAINA BA

Wannan shi ne jawabin da wani likita ya yi wa malamai da ɗaliban ajujuwan yaƙi da jahilci a lokacin wata lacca kan kiwon lafiya.

Akwai wani ciwon daji da ke tasowa daga cikin jijiyoyin jini, wanda likitoci ke kira ciwon Kaposi. An sa masa sunan likitan da ya fara bayaninsa a birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya a shekarar 1872, wato Moritz Kaposi. Ba ciwo ba ne da ake yawan gani, shi ya sa mutane da dama ba su gane shi sai ya yi nisa.

Wata ƙwayar cuta ce mai suna HHV-8 ke haddasa shi, wadda masana suka gano a Amurka a shekarar 1994. Galibi ta hanyar miyau ake ɗaukar ta. Yawancin masu ɗauke da ita har su tsufa ba ta yi musu komai. Sai garkuwar jiki ta yi rauni ne take samun ƙofa. Saboda haka ne ciwon ya fi kama masu ƙwayar cutar ƙanjamau da ba su shan magani. Amma a lura: tun kafin bayyanar ƙanjamau a 1981 akwai wannan ciwo a Afirka, yana kama maza a ƙafa, yara kuma ya fito musu da kaluluwa. Don haka ba daidai ba ne a yi wa mai shi mummunan zato.

Yadda ake gane shi

Yakan fara ne da tabo baƙi ko mai ruwan makuba a ƙafa, ko fuska, ko cikin baki, musamman dasashi da ganɗa. Da farko yawanci ba ciwo, ba ƙaiƙayi. Daga baya tabon ya tashi ya zama ƙullutu, ya yi yawa, ƙafa ta kumbura ta yi tauri kamar tundurmi. Idan aka bar shi yakan shiga hanji ya sa zubar jini, ko ya shiga huhu ya kawo tari da sarƙewar numfashi, har a ɗauka tarin fuka ne.

A nan ne ake yin kuskure babba. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce an taka sawu, sai a kai maras lafiya wurin wanzami a yi masa tsaga ko ƙaho. To, ƙullutun nan cike yake da jijiyoyin jini. Tsaga shi sai ya jawo zubar jini da gyambo, ciwon kuma yana nan daram.

Ido kaɗai ba ya tabbatar da shi. Likita zai yi allurar kashe zafi, ya ɗebi ɗan naman wurin, a duba shi da madubin likita. Za a kuma yi gwajin ƙanjamau da hoton ƙirji. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna yin wannan bincike, kuma daga ƙaramin asibiti ake ba da takardar zuwa can.

Yadda ake maganinsa

Idan an sami ƙwayar ƙanjamau a jiki, matakin farko shi ne fara shan maganin rage ƙarfinta kullum ba fashi. Tun shekarar 2006 gwamnatin Nijeriya ta fara ba da wannan magani kyauta a asibitocinta. Idan tabon kaɗan ne kuma a fata ya tsaya, sau da yawa wannan magani kaɗai kan sa ya lafa. Idan kuwa ya yaɗu, sai a haɗa da maganin ciwon daji da ake sa wa ta jijiya duk bayan mako 2 ko 3. Yana iya sa amai, kasala da zubewar gashi, amma waɗannan suna wucewa. Wani lokaci kuma a gasa wurin da na'ura, ko a yanke ƙullutun in ƙarami ne.

Maganin ba ya fitar da ƙwayar HHV-8 daga jiki, don haka ciwon na iya dawowa. Wanda ya ji sauƙi kada ya daina zuwa asibiti.

Ku da Allah Ya ba ku sanin karatu, ku karanta wa maƙwabta wannan bayani. Ku duba wa maras lafiya ranar komawa da ke rubuce a katinsa, da yadda aka ce ya sha magani. Duk tabon da ya ƙi tafiya, ko yake ƙara girma, a kai wa likita ya gani da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.