Abin da Ɗalibin Magaria da Dungas Zai Karanta Kafin Ya Rubuta Rahoton Aiki



Tun watan Maris na 2025 da sabon kundin mulkin Nijar ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki, ɗalibin wannan yanki yana ɗauke da kaya biyu. Rahoton da zai miƙa a Jami'ar André Salifou ta Zinder da Faransanci ne, amma mai noman riɗi a Dogo-Dogo da ungozomar Wacha da Hausa za su yi aiki da bayaninsa.

A ɓangaren Faransanci ba sai na tsawaita ba. Bescherelle ya ishe shi gyaran aikatau, Le Bon Usage na Grevisse kuma na duba ne lokacin shakka. Nahawu dai ba ya koya wa mutum jera matakai. Wannan sai a takardun masu aiki. Ƙungiyar RECA ta manoma tana zuba gajerun takardun dabarun noma kyauta a intanet, ana iya sauke su a waya. Ɗalibi ya ɗauki guda, ya lura da yadda aka faɗi ma'auni da lokaci da abin da za a guje wa, sannan ya rubuta irinta a kan rainon gawo a gona, aikin da manoman Magaria da Matamaye da Mirya suka yi suna da shi. Ga masu fannin lafiya, littafin David Werner, wanda ENDA ta fitar a Dakar da sunan Là où il n'y a pas de docteur, gwani ne wajen gajerun jumloli da zane.

Hausa ce ta fi buƙatar kulawa. Na fi son a fara da Ikon Allah na Abubakar Imam da Rupert East. Littafin ya tsufa, wasu bayanansa kimiyya ta wuce su, amma har yau da wuya a sami wanda ya fi shi warware al'amarin halitta da Hausar da kowa ke ji. Sai Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini, da ƙamusun Caron da Amfani na 1997 mai tashi daga Faransanci, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Kano ba ta da nisa, ɗan kasuwa mai bin hanyar Babura ko Maigatari zai iya riƙo na Bayero.

Sai dai hattara: ƙa'idar rubutun da Nijar ta tsayar a 1999 ta ɗan saɓa da ta Najeriya. Duk wadda ɗalibi ya zaɓa, ya bi ta daga farkon takarda zuwa ƙarshe.

Roƙona ga shugabannin makarantu, ko kwafi ɗaya na kowane ƙamus a ajiye a ofishin darakta, a riƙa ba da aro da rajista.